Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu makarantun kuɗi: ku daina auna 'ya'yanmu da mudun aro

Zuwa ga masu makarantun kuɗi, da hedimastocinsu, da malaman da ke kula da ɗaukar sababbin ɗalibai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ƙoƙari. Kowa ya san halin da makarantun gwamnati suke ciki, kuma da ba ku tsaya ba, da yara masu yawa suna gararamba a unguwa. Allah Ya saka muku da alheri.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma yawancin aikina a ƙananan azuzuwa na yi shi. Da yawun iyaye nake wannan rubutu, musamman mata, waɗanda suke kawo min takardun 'ya'yansu in karanta musu saboda ba sa jin Turanci. Irin waɗannan iyaye ba za su tsaya a ofishinku su yi gardama ba. Da zarar an miƙo musu takarda mai lamba da hatimi, sai su ce "to, mun gode", su koma gida abin yana cin su a rai.

Abin da ya tayar da maganar shi ne yayin da wasunku suka ɗauko na yi wa yara abin da kuke kira gwajin IQ, wato gwajin auna basira, kafin a ɗauke su. A karɓi kuɗin gwaji daban da na fom, a tara yaran a aji ɗaya, a raba musu takarda, bayan kwana biyu a ba uba ko uwa wata lamba a ce wannan ita ce ƙwaƙwalwar ɗanku. Da lambar ake raba aji A da B da C, da ita kuma ake sallamar wasu da cewa makarantar ta fi ƙarfinsu.

Wata maƙwabciyata ta kawo min irin wannan takarda ta ɗanta mai shekara 8. An rubuta masa 74, an ja layi da jan biro. Na roƙe ta ta karɓo tambayoyin, da ƙyar aka ba ta. Shafuka ne da aka ciro daga intanet, har adireshin shafin yana nan a ƙasa ba a goge ba. A ciki akwai zanen gida mai tsinin rufi, an ce yaro ya faɗi abin da aka manta ba a zana ba. Amsar da ake so ita ce bututun hayaƙi irin na gidajen ƙasashen sanyi. Yaron ya rubuta cewa gidan ba shi da katanga. Don Allah, ranku ya daɗe, a garin nan wa zai ce bai faɗi gaskiya ba? An soke shi. Yaron nan shi yake tsare wa ubansa tireda da yamma, ya ba da canji bai taɓa takarda ba. Yanzu yayyensa "Saba'in da huɗu" suke ce masa in faɗa ya haɗa su, uban kuma ya fara zancen gara a kai shi gareji tun da wuri, kada a yi ta zuba kuɗi a banza.

Kukana na farko ke nan: abin da kuke yi ba gwajin basira ba ne ko a wurin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Gwajin da masana halayyar ɗan Adam suka fi amfani da shi ga yara, wanda David Wechsler ya fitar a Amurka a 1949 kuma ake ta sabunta shi, ba a yin sa a taro. Ƙwararre ɗaya ne yake zama da yaro ɗaya, kimanin awa guda ko fiye, yana tambaya yana lura: ya gane umarnin? tsoro yake ji? ya gaji? Akwai ɓangaren kalmomi, akwai na jera 'yan tubala su ba da wani zane, akwai na maimaita lambobi a jere da kuma a juye, akwai na sauri. Kamfanonin da ke buga shi ma ba sa sayar wa wanda ba shi da horo. Kuma ƙwararren ba ya ba da lamba ɗaya tilo ya tashi, sai ya ce makin yana tsakanin kaza da kaza, don ya san in aka sake gwada yaron wani makon zai iya hawa ko sauka da maki kaɗan.

Sai maganar inda lambar take fitowa, wadda ita ce zuciyar al'amarin, kuma na lura yawancin masu rubuta ta a takarda ba su taɓa tambaya ba. A da, lissafin mai sauƙi ne. Wani Bajamushe, William Stern, ya kawo shawarar a 1912, Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya yaɗa ta a 1916: a raba shekarun da basirar yaro ta nuna da shekarunsa na haihuwa, a ninka sau 100. Ɗan shekara 8 da ya amsa abin da 'yan shekara 10 ke amsawa yana da 125. Yanzu an bar wannan. Abin da ake yi shi ne a gwada dubban yara na ƙasa guda, a ɗauki matsakaicin abin da sa'o'in juna suka ci a kira shi 100, sannan a duba inda kowane yaro ya faɗo. Kusan kashi biyu cikin uku suna tsakanin 85 da 115. Ashe lambar ba ta faɗin yawan ƙwaƙwalwar da ke cikin kan yaro. Matsayinsa kawai take faɗa a cikin wani taron yara. To, wane taro kuka kwatanta 'ya'yanmu da shi? Idan yaran Amurka ne ko na Ingila, waɗanda da Turancin aka yi musu tawai a goye, ai kun aro mudun wata kasuwa kun auna hatsinmu da shi, sannan kuna cewa buhun bai cika ba.

Harshe kuwa ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani. Yaron da Hausa yake ji a gida, da Hausa yake wasa, da Hausa ake yi masa fassara a Islamiyya, in ya kasa tambayar da aka yi masa da Turanci, abu ɗaya kuka gano: bai iya Turanci ba tukuna. Ai abin da ya kawo shi wurinku ke nan. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife tun daga 1970, aka karantar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, suna koyon Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su.

Wani zai ce ai akwai gwaji marar magana, na zane-zane zalla, irin wanda John Raven ya fitar a 1938, inda ake nuna jerin siffofi da gurbi ɗaya a ce yaro ya zaɓi wadda ta dace. Gaskiya ne, kuma ya fi adalci. Amma ko shi yana son wanda ya saba da takarda da fensir. Robert Serpell ya nuna haka a binciken da ya buga a 1979. Ya sa yaran Zambiya da yaran Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya. Da fensir da takarda, 'yan Ingila suka yi gaba. Da aka ba kowa waya ya lanƙwasa, 'yan Zambiya suka wuce su, domin su ma, kamar namu, da waya suke ƙera motocin wasa. Da aka ba su yumɓu, wanda duka ɓangarorin suka sani, sai suka yi kunnen doki. Siffa ɗaya, yara ɗaya, kayan aiki ne kawai ya sauya sakamakon.

Akwai kuma labarin da duk wanda ya yi darasin saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, a kwalejin ilimi ya kamata ya riƙe. Joseph Glick da abokan aikinsa sun ba manoman ƙabilar Kpelle a Laberiya kayayyaki su kasa su gida-gida. Masu binciken suna jiran a ware abinci gefe, kayan aiki gefe, tufafi gefe. Manoman suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce haka mai hankali zai yi, tunda da wuƙa ake yanka lemo. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, sai suka jera su daidai yadda masu binciken suke so tun farko. Sun iya amsar sarai, ba su ɗauke ta amsar kirki ba ne.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce basira ba ta bambanta tsakanin yara ba, duk wadda ta riƙe alli ta san akwai yaron da kafin ka rufe baki ya gane, akwai wanda sai an maimaita. Ban kuma ce gwaji na gaskiya aikin banza ba ne. Charles Spearman ya lura tun 1904 cewa yaron da ya yi kyau a darasi ɗaya yakan yi kyau a sauran, ya ce akwai wata basira ta bai ɗaya da ke ƙarƙashin duka, kuma har yau bincike bai rushe wannan ba. Gwajin da aka tsara da kyau, aka yi wa waɗanda aka tsara shi dominsu, yana hasashen yadda yaro zai yi a makaranta gwargwado. Sai dai masanan kansu ba su tsaya nan ba. Louis Thurstone a 1938 ya ce baiwar guda bakwai ce. Raymond Cattell ya raba ta biyu: iya warware sabuwar matsala da ba ka taɓa gani ba, da kuma abin da ka tara na sani. Takardunku kusan duk wannan na ƙarshen suke taɓawa, shi ma na wata al'umma. Howard Gardner a 1983 ya ƙirga har da baiwar kiɗa da ta sarrafa jiki da ta iya zama da mutane. Maganarsa tana da daɗin ji, malamai na son ta, amma a ganina ta fi amfani wajen tunatarwa fiye da awo, don babu ingantaccen ma'aunin da ya tabbatar da rabon nasa, kuma ba na son ta zama hanyar lallashin uwa da cewa "ɗanki mai baiwar tsalle ne" a bar shi bai iya karatu ba. Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne Robert Sternberg, da ya ware basirar tafiyar da al'amuran yau da kullum. Shi da abokansa sun gwada yaran ƙabilar Luo a ƙauyen Kenya, suka tarar waɗanda suka fi sanin magungunan gargajiya na itatuwa sau da yawa su ne suka fi ƙarancin maki a gwajin boko. Kowane yaro ya zuba ƙwaƙwalwarsa ne inda gidansu ya fi ba muhimmanci.

Mu da muke zaune da gardin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, da yaron Fulani da ya san kowace saniya a garke da uwarta da halinta, da yarinyar da ke talla tana riƙe da bashin gida goma a kai, bai kamata a ce mu ne za mu yarda shafi huɗu na intanet sun gama ƙididdige ɗan Adam ba.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne yadda ake miƙa lambar kamar hukuncin da ba ya tashi. Shi kansa Alfred Binet, wanda ya fara wannan gwaji a Faransa a 1905 tare da Théodore Simon, don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako ya yi shi, a taimake su. Ya yi suka mai zafi ga masu cewa basirar yaro ƙayyadajjiya ce ba ta ƙaruwa, har ya tsara darussan horar da hankali ga masu rauni. Bayansa hujjoji suka yi ta fitowa. James Flynn ya nuna cewa a ƙarni na 20 makin gwaji ya riƙa hawa da kimanin 3 a duk shekara 10 a ƙasashe masu arziki, abin da gado ba zai iya kawowa cikin wannan ɗan lokaci ba. Masana suna danganta shi da makaranta da abinci da lafiya. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun tattara bayanan mutum fiye da 600,000, suka samu cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ɗaga makin da 1 zuwa 5. Ku duba abin da wannan yake nufi: yaron da kuka kora saboda ƙarancin maki, kun hana shi ainihin abin da zai ɗaga makin.

Ga kuma abin da ke jikin yaro, wanda takarda ba ta gani. Yaron da ya fito bai karya ba. Yarinyar da kunnenta ke ruwa tun tana goye, rabin maganar malami ba ta isa gare ta. Wanda ba ya ganin allo daga bencin baya kuma bai san sauran suna gani ba. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ko jininsa ya yi ƙasa, ko gishirin gidansu ba mai aidin ba ne. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ta bar wasu dubbai da gubar a jini, kuma dalma ko kaɗan ce tana rage fahimtar yaro. Na taɓa samun wata yarinya a aji biyu da kowa ya sallama a kan daƙiƙiya ce. Kullum sai ta karkato da kai gefe ɗaya in ana magana. Da aka kai ta asibiti aka duba kunnen, na dawo da ita bencin gaba, kafin ƙarshen shekara tana karanta wa 'yan ajin labari. Da a zamaninku ta zo, da lamba aka ba ta.

Waɗanda suka riga ku bin wannan hanya sun yi nadama a bainar jama'a. A yaƙin duniya na ɗaya an gwada sojojin Amurka kusan miliyan 1.75, Carl Brigham ya ɗauki sakamakon a 1923 ya ce mutanen wani asali da launin fata sun fi wasu basira, a 1930 ya fito ya janye da kansa. A Ingila an riƙa tura 'ya'yan baƙi daga tsibiran Karibiyan makarantun masu raunin fahimta da yawan da ya wuce hankali, har Bernard Coard ya fallasa abin a 1971. A Kalifoniya, a 1979, alƙali Robert Peckham ya hana amfani da gwajin IQ wajen jefa yara baƙar fata a irin waɗannan azuzuwa. Taswirar nan ma da matasanmu ke yaɗawa a Facebook suna yi wa kansu dariya, wadda ke cewa matsakaicin makin IQ na 'yan Najeriya 67 ne, daga aikin Richard Lynn da Tatu Vanhanen na 2002 ta samo asali. Fiye da rabin ƙasashen da ke cikin lissafin ba a gwada kowa a cikinsu ba, an kintata ne daga maƙwabta, kuma Jelte Wicherts da abokansa sun nuna a 2010 yadda aka riƙa watsar da binciken Afirka masu maki mai yawa ana ɗaukar masu kaɗan. Abin takaici ne a ce abin da baƙo ya yi mana muka ji haushi, yau mu ne muke yi wa 'ya'yanmu, har muna karɓar kuɗi a kai.

Don haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

Ku daina gwajin da aka ciro daga intanet, ku daina rubuta lambar IQ a takardar kowane yaro. In kuna son sanin ajin da ya dace da sabon ɗalibi, haƙƙinku ne. Ku gwada karatunsa da lissafinsa, ku kira abin da sunansa, ku yi masa tambayar da baki da Hausa in Turancin ya gagara, sannan ku faɗa wa iyaye abin da ya iya da abin da ya rage masa. Uwa za ta iya yin wani abu da "bai gama haɗa baƙi da wasali ba". Ba abin da za ta iya yi da 74.

Kafin a ce yaro ba ya ja, a duba idonsa da kunnensa, a tambayi ko yana karyawa, ko yana barci, ko wani abu ya faru a gida. Allon gwada gani ba shi da tsada, malami ɗaya zai iya koyon amfani da shi. In bayan haka damuwar tana nan, a tura iyaye wurin ƙwararre a asibitin koyarwa ko sashen ilimin yara masu buƙata ta musamman, a yi musu bayanin sakamakon da harshen da suke ji, kuma ya zama sirri tsakaninsu da makaranta, kada ya kai kunnen 'yan aji.

In kun ce raba A da B da C ya zama dole, to ƙofar ta zama a buɗe: a sake dubawa kowane zango, kuma malamin da kuka fi ji da shi a kai shi C, tunda kuɗin makaranta ɗaya iyayen suke biya.

Muna kuma roƙon ku haɗa kai da sassan ilimi na jami'o'inmu, irin su Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ma'aunin da zai dace da yaranmu sai an tsara shi da Hausa, da abubuwan da suka sani, an gwada shi a kan dubbansu, na birni da na ƙauye, maza da mata, 'yan boko da 'yan allo. Masu bincike suna da ilimin, ku kuna da yaran da azuzuwan. Ku buɗe musu ƙofa da izinin iyaye, ƙungiyoyinku kuma su sa wani abu a asusun aikin.

Yaran da aka riga aka ba lamba kuwa, ku kira iyayensu ku faɗa musu da bakinku cewa takardar ba abin dogaro ba ce, domin daga bakinku suka ji, daga bakinku kawai za su yarda. Waɗanda aka sallama a kanta a ba su damar dawowa ba tare da sabon kuɗin fom ba. Muna so a sa wannan magana a jerin abubuwan da za a tattauna a taron iyaye da malamai mai zuwa, kuma a yi taron da Hausa.

Wassalam. Allah Ya yi mana jagora, Ya raya mana zuri'a.

Taku,
Wata malamar firamare mai ritaya, a madadin iyaye